Gidan Da Aka Ce Ba Kowa

Ranar da kwamitin gwamnati zai zo duba fili, tun da sassafe Falih ya turo matarsa da motar haya ta ɗauki Gwaggo Hashmiya zuwa ziyarar ƙabarin wani sayyadi, sharifi da ake girmamawa, a bayan gari. Tsohuwar ta yi ta murna. Ta ɗauko abayarta ta zuwa biki, ta ƙulle dabino a leda don ta raba wa mabarata, tana ta shi wa Falih albarka da ya tuna da ita. Motar ba ta ko sha kwana ba ya juyo wajen ƙanensa Na'im.

"Kama mini gadon nan."

Suka fitar da gadon, da akwatin kayanta, da tukwane, da hoton mahaifinsu da ke rataye a bango, suka kai bayan ramin ban ruwa suka lulluɓe da ganyen dabino. Suka jibge buhunan taki a ɗakin, suka watsa ƙaiƙayi a ƙasa.

Kamfanin mai ne yake son haƙa sabuwar rijiya a bayan gonar dabinonsu, doka kuma ta hana a haƙa kusa da gidan da mutane ke kwana. Sauran gidajen wannan ɓangare na ƙauyen duk an watse tun da ruwan kogi ya koma gishiri, an koma cikin birnin Basra. Gidan mahaifinsu kaɗai ya rage, kuma ba kowa a ciki sai Gwaggo, ƙanwar mahaifin, wadda ta rene su bayan rasuwar uwarsu har ta tsufa ba ta yi aure ba. Shaihin ƙabila ya riga ya gama magana da kamfanin: in babu gida a kusa, a haƙa, a ɗauki samari aiki. Falih zai samu kwangilar kai ruwa da tanka. Na'im, wanda ya daɗe yana yawo da takardar makaranta ga mata da ciki, zai samu gadi.

Da hantsi mutanen kwamiti suka iso, gumi ya jiƙe musu riguna. Babbansu ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci, ya fito.

"Wa ke zaune a nan?"

"Ɓeraye, Ustaz," in ji Falih yana dariya. "Rumbu ne. Tun rasuwar tsohonmu muka tashi."

Mutumin ya zagaya tsakar gida, ya tsaya bakin tanderu, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Da asuba Gwaggo ta gasa gurasa a ciki. Na'im ya ga hannun ya ɗan daɗe a wurin. Mutumin ya ɗago ya dube shi.

"Kai fa? Akwai mai kwana a gidan nan?"

"Babu, Ustaz."

Mutumin ya janye hannunsa ya goge a wando. Daga nan aka wuce da su zauren shaihi, inda aka yanka musu rago.

Kafin la'asar an mayar da komai. Da Gwaggo ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana shinshinawa.

"Me ke wari haka kamar taki?"

"Hancinki ne ya saba da turaren ziyara, Hajiya," in ji Falih. Ta yi dariya, ta miƙa musu koren ƙyallen da ta shafo a ƙabarin, kowa nasa.

Ba a yi wata ba aka kawo injin haƙa. Aka ja shingen waya ya biyo ta gindin dabinonta na ƙarshe, aka kafa ɗakin gadi a bakin ƙofa. Daga kujerar da Na'im ke zama yana hango tsakar gidan sarai: igiyar shanya, tanderu, kajinta. Ranar farko da ya sa kakin aiki ta zo jikin waya da butar shayi da gurasa mai zafi.

"Ga janar," ta ce. "Su wa za ka yaƙa yau, kajina?"

Kullum da azahar sai ta kawo. Tana miƙo ƙaramin kofin ta ramin waya, ta tsaya sai ya shanye.

Da fari ƙara ce. Injin ba ya hutawa, ƙasa na rawa har kofuna na kaɗawa a kan tire, bangon ɗakinta ya tsage daga sama har ƙasa. Ta ce ba komai, dama barcin tsoho kaɗan ne. Da aka gama haƙa aka tafi da injin, sai aka kafa dogon bututu na ƙone gas ɗin rijiyar aka cinna masa wuta. Harshen wutar nan ba ya mutuwa. In iskar arewa ce, hayaƙin ya yi hamada. In ta juyo daga kudu da ɗuminta da damshinta, sai ya kwanto a kan gidan kamar an kifa murfi. Da safe ana samun baƙin maiƙo a kan komai. Farin mayafin da ta shanya ya koma ruwan toka. Ta daina shanya a waje. Kajin suka fara tsayawa baki buɗe, suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana Na'im ya karɓi shayin ya ga baƙaƙen ɗigo na yawo a kai. Ya ɗaga ido ya ga nata idanun sun yi jajir, suna ta zubar da ruwa.

"Gwaggo, idonki."

"Albasa na yanka. Sha kafin ya huce."

Ya sha.

Tarin ya fara da sanyin hunturu. Yana zaune a ɗakin gadi yana jin sa ta cikin rurin wutar, busasshe, mai tsawo, irin wanda mutum ke dafa bango kafin ya lafa. Abokin aikinsa ya ce, "Wai wace ce tsohuwar nan? Ba an ce ba kowa a nan ba?" Na'im ya ce ai zuwa take yi duba dabino.

Ranar Juma'a, a gidan Falih na cikin gari, bayan an ci shinkafa da miyar kuɓewa, Na'im ya yi ƙarfin hali ya tayar da maganar, ya kira yayansa da alkunyarsa.

"Abu Karrar, Gwaggo ba ta da lafiya. Hayaƙin nan ne."

Falih ya zuba sukari a shayinsa yana juyawa a hankali. "Wane tsoho ne ba ya tari? Kakarmu ta yi tari har ta mutu, a lokacin ko fitilar ƙwai ba mu da ita, balle rijiya."

"Ka ɗauko ta nan. Kana da ɗakin baƙi."

"Ka taɓa ganin an raba Gwaggo da dabinonta? Kwana ɗaya za ta yi ta ce a mayar da ita. Ni ba zan tilasta wa wadda ta rene ni ba."

Daga bakin ƙofar kicin matarsa ta sa baki. "Kuma ba a san irin tarin ba. Ga yara suna makaranta."

"Gas fa ba guba ba ne," Falih ya ci gaba. "Da shi ake dafa wannan abincin da ka ci. Turawan kamfanin ba a can suke wuni ba? Ka ga ɗayansu ya faɗi?"

Na'im bai ce masa Turawan a ɗaki mai sanyi suke wuni ba, kuma duk bayan ƴan makonni jirgi ke kwashe su.  Da zai tafi Falih ya sa aka cika masa leda da lemo ya kai wa Gwaggo.

A gida matar Na'im, Ikhlas, tana shayar da jaririyarsu, ta saurare shi har ya gama.

"To ka kawo ta nan mana. Ni da yarinya mu kwana a ƙasa."

"Ɗaki ɗaya ne fa."

"Na san ɗaki ɗaya ne, a cikinsa nake. Ka kawo ta."

Ya ce to. Ya ce sai an ɗan sami sarari. Washegari da Gwaggo ta kawo shayi, ya tsaya yana wasa da kofin.

"Ikhlas ta ce ko za ki koma wurinmu. Sai dai kin san wurin, ba ya da girma, ga kukan jaririya, ga hawa bene da gwiwarki, wuta ma ba kullum ba. Amma in kina so…"

Ta dube shi ta ramin waya, ta daɗe tana dubansa.

"Wa zai kula da dabinon?" ta ce.

Ya ji wani sauƙi ya sauko masa a ƙirji, kuma a take ya ji kunyar sauƙin. Da ya koma gida ya ce wa Ikhlas ya yi iya ƙoƙarinsa, ta ƙi.

Da zafi ya shigo, dabinon ya fito ƙanana, baƙi, yana zubewa tun bai nuna ba. Gwaggo ta daina gasa gurasa, ta ce tsayuwa bakin tanderu na ɗauke mata numfashi. Shayin ma ta koma kawo shi tana hutawa a hanya, ta dafa wannan bishiya, ta dafa waccan. Abayar ta yi mata yawa. Ranar da Na'im ya ga jini a gefen mayafinta, ya roƙi izini a wurin aiki ya kira yayansa.

Suka kai ta asibiti su biyu. Aka yi hoton ƙirji. Likitar, wata matashiya mai gajiya a fuska, ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo.

"Hajiya tana shan taba?"

"Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo.

"A ina take zaune? Ina tambaya ne don in kusa da rijiyoyin mai ne, ana so mu sanar da hukumar muhalli. Su kan tura mutane su auna tazara."

Falih ya taka ƙafar Na'im a ƙarƙashin tebur. Na'im ya buɗe baki, bai san me zai fito ba, ko gaskiya ko akasinta. Gwaggo ce ta riga shi.

"A cikin gari nake, ƴata. Gidan wannan babban. Shi ke riƙe da ni."

Likitar ta dubi baƙin da ya shige cikin tsagar hannuwan tsohuwar, ta dubi mazan biyu, ta rubuta magani. Ta ce huhun ya lalace ƙwarai, a nisanta ta da hayaƙi kowane iri, ko na turare.

Falih ya tsaya sayen magani. A cikin mota, su biyu kaɗai, Na'im ya kasa juyowa.

"Me ya sa kika faɗi haka, Gwaggo?"

"Me kake so in faɗa? A kore ka ka koma zaman shago kana kallon hanya?" Ta yi tari, ta huta. "Tun ranar ziyara na sani. Kun mayar da gadon kai ya dubi ƙofa. Ni na taɓa kwana kaina na duban ƙofa?"

"Ki yafe mini."

"Rufe gilashin nan, ƙura na shigowa."

Ya ɗauka daga asibitin gidan Falih za su wuce. Amma da Falih ya shiga mota sai ya kama hanyar ƙauye.

"Abu Karrar, ka ji abin da likita ta ce."

"Na ji. Bari a gyara ɗakin baƙin tukuna, silin ɗin na yoyo. Kuma in muka kwashe ta yau-yau daga asibiti, mutane za su ce me? Za a fara tambaya. Bari abin ya lafa." Ya dubi madubi. "Ko ba haka ba, Hajiya?"

"Yadda kuka gani," ta ce.

Falih ya saya mata fanka da sabon labule mai kauri. Ya aiko da kifi. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ai Gwaggo kafiya ce da ita, sun yi sun yi ta ƙi. Na'im kuwa yana zuwa bayan tashi daga aiki ya share mata baƙin da ke tsakar gida, ya toshe tsagar bango da tsumma, ya ce wa kansa ai gara ma da yake kusa, idonsa na kanta. Sau da yawa ya yi niyyar gobe zai kira mota ya ɗauke ta ko Falih ya so ko ya ƙi. Gobe ta yi, sai wani abu ya taso.

Ranar da abin ya faru iskar kudu ce tun safe, hayaƙin ya kwanta har ba a ganin kan bishiyoyi. Azahar ta yi, Gwaggo ba ta fito ba. Na'im ya lura. Ya miƙe zai leƙa, sai ga jerin manyan motoci a bakin ƙofa, shugaban gadi na tsaye yana duba agogo. Ya ce bari ya sallame su. Da ya sallame su wasu suka iso. Ya ce wataƙila barci ya ɗauke ta, dama tana bukatar hutu. Sai da aka karɓe shi aiki bayan la'asar ya zagaya.

A bakin ƙofar ɗaki ya same ta kwance a gefe, tire ya kife, shayin ya daɗe da bushewa a ƙasa. Tana numfashi sama-sama, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ya ɗaga ta, ba ta fi nauyin yarinya ba. Ya kira Falih a waya.

"Zan kira motar asibiti."

"Kar ka kira kowa nan. Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta daga ina? Ka yi tunani mana. Ga ni nan zuwa. Mu kawo ta gidana, daga nan sai a kira."

Kuma ya jira. Ya zauna a ƙasa da kanta a cinyarsa yana yi mata fifita da hular aiki, har motar Falih ta iso. Suka bi ta gaban asibitin suka wuce. An shimfiɗa ta a ɗakin baƙin, wanda silinsa lafiya lau, ta cika kafin motar asibitin ta shigo layin.

Aka kai ta maƙabartar birnin Najaf aka binne. Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidan Falih, kamfani ya aiko da buhunan shinkafa da raguna, shaihi ya zo da kansa. Na'im na zagayawa da butar gahawa yana jin abin da ake faɗa. Allah ya saka wa Abu Karrar, ya riƙe gwaggonsa a gidansa har ta cika a hannunsa, a wannan zamani da ƴaƴa ke jefar da iyayensu. Falih na sunkuyar da kai yana share hawaye, kuma hawayen na gaske ne.  Ikhlas kuwa ta daina tambayar mijinta yadda aiki yake.

Bayan arba'in, wata safiya Na'im yana kan kujerar gadi, ya ga tsohuwar akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. An ɗaure katifu da tukwane a baya. Wani siririn mutum ya sauko, sai matarsa da goyo, sai yara uku ƙanana suka diro suka ruga cikin dabino suna ihu. Na'im ya kira yayansa.

"Mutanen fadama ne," in ji Falih. "Ruwansu ya ƙafe, ɓaunayen da suke kiwo sun mutu, a gefen titi na gan su. Ba haya na ba su ba, kyauta ne, sadaka ga ran Gwaggo. Su kula da dabino."

"Da yara fa, Abu Karrar."

"To a titi kake so su kwana? Kai ba ka da tausayi ne?"

Na'im ya kashe wayar. Bai nemi izinin kowa ba, ya bar ƙofar ba mai tsaro ya zagaya shingen. Mutumin ya tarbe shi hannu a ƙirji, ya ce sunansa Shnawa, ya yi ta godiya da addu'a ga gidansu.

"Ɗan'uwa, ka saurare ni," in ji Na'im. "Kar ka sauke kayan nan. Wurin nan yana kisa. Gwaggona a nan ta zauna, a wancan ɗakin, hayaƙin nan ne ya cinye mata huhu. A bakin ƙofar nan na tsince ta."

Wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa. Shnawa ya dube shi, ya dubi kakin da ke jikinsa, ya yi ɗan murmushin wanda ya saba da a kore shi daga wuri da dabara.

"Allah ya jiƙanta. Amma ni na ji a gidan yayanka ta rasu, cikin gari. Kowa haka ya ce. Shi ma ya ce mini rumbu ne nan, an daɗe ba a kwana ba." Ya sassauta murya. "In wani kake so ka sa a ciki, ka faɗa mini kawai, Ustaz. Ba sai ka tsorata mini iyali ba."

"Wallahi gaskiya nake faɗa maka."

"To na ji. Ka nuna mini inda za mu je."

 Na'im ba shi da inda zai nuna. Matar ta fito daga ɗakin tana kaɗe baƙin da ya manne mata a tafin hannu, ta tsaya bayan mijinta, ta yi tambaya ba tare da ta ɗago ido ba.

"Wane ɗaki ne ya fi dama a sa yara?"

Ya nuna mata na can ƙarshe, wanda tagarsa ba ta duban wutar. Ya ce in iska ta juyo daga kudu ta rufe ko'ina, ta jiƙa tsumma ta toshe ƙasan ƙofa, kar ta bar ruwan sha a buɗe. Ta ce Allah ya saka da alheri.

Daga bakin ƙofar rijiya wata tanka ta fara danna oda. Ta Falih ce, ta kawo ruwa, tana jiran mai gadi. Na'im ya juya ya koma bakin aikinsa. A bayansa Shnawa ya hau motar ya fara kwance igiyar katifun.